Yadda nake samo wa maɓallan fom ɗin Access hotuna, da yadda nake zana wanda na rasa

Baffana yana da kantin sari a Kasuwar Singa a Kano: shinkafa, sukari, taliya, man girki, madara, duk buhu-buhu da katan-katan. Shekara da shekaru lissafinsa a manyan littattafai yake, har ranar da ya kira ni ya ce in zo in sa masa kayan a kwamfuta. Na zauna na gina masa rumbun bayanai da manhajar Microsoft Access, fom biyar, wato shafukan da ake shigar da bayanai a duba su: na saye, na sayarwa, na bashi, na kayan sito, sai na rahoton wata. Na jera maɓallai, kowanne da ɗan hotonsa, ni dai a ganina aiki ya yi kyau.

Ranar da na kai, yaron kantin, ɗan wani ƙanin Baffa ne, ya zauna gaban kwamfutar ya yi shiru yana kallo. Can ya ɗora yatsa a kan maɓallin ajiyewa ya ce, "Yaya, wannan talabijin ɗin fa, ta mece ce?"

Hoton faifan fulofi ne, wannan ɗan murabba'in da muke ɗaukar megabait 1.44 a cikinsa muna jin mun isa. Yaron bai taɓa ganinsa ba, to ta ina zai san yana nufin "ajiye"? Tun daga ranar na daina zaɓen hoto don ya burge ni. Wanda zai wuni yana danna maɓallin, ga ciniki ya tsaya masa a ka, ga ɗan dako yana jira, shi ne mai maɓalli. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya taso.

Kafin ka je ko'ina nema, duba abin da Access ya zo da shi. Buɗe fom ɗin a Design View, danna maɓallin, ka buga F4 don Property Sheet ta fito. A shafin Format akwai layin Picture, a ƙarshensa akwai ɗigo uku. Danna su, taga mai suna Picture Builder za ta buɗe da dogon jerin hotuna: firinta, kwandon shara, madubin hangen nesa, ƙofar fita, kibiyoyin gaba da baya. Kyauta ne, girmansu daidai ne, ba sa ƙara wa fayil nauyi. Aibinsu biyu: wasu sun tsufa, ana ganinsu an san na zamanin da ne, kuma babu buhu, babu naira, babu littafin bashi. Idan fom ɗinka na gaba, baya, nema da bugawa ne kawai, tsaya nan, kada ka ɓata datarka.

Abu na gaba da ya kamata ka sani, kuma shi ne ya fi wahalar da masu farawa: maɓallin Access ba ya rage hoto, ba ya ƙara shi. Akwatin hoto na fom yana da Size Mode, kana iya cewa ya matse ko ya buɗa. Maɓalli ba shi da wannan. Yadda ka ba shi hoto haka zai ɗora, in ya fi shi girma ya yanke gefe ya nuna maka tsakiya. Na taɓa ɗaukar hoton buhun shinkafa da wayata, faɗi 4000 tsawo 3000, na ɗora a maɓalli. Abin da ya fito wani fari-fari ne mai dishi-dishi, tsakiyar buhun kenan. Saboda haka tun kafin ka ɗauko hoto, yanke shawarar girma. Ana ƙirga shi da fiksal, wato ɗigon da ke haɗuwa su yi hoto a allo. Girma uku nake amfani da su: 16 sau 16 don ƙananan maɓallai da ke gefen layi, 24 sau 24 don yawancin aiki, 32 sau 32 don manyan maɓallan shafin farko. A allo na yau da kullum mai ɗigo 96 a inci, fiksal 32 ya kai kamar santimita 0.85, don haka maɓallin da zai ɗauke shi ka ba shi tsayin santimita 1.1, hoton ya samu wurin shan iska. Masu rubuta VBA, yaren ba da umarni na cikin Access, su tuna Access da wani ma'auni mai suna tuwif yake awo, 1440 a inci ɗaya, wato tuwif 15 a kowane fiksal a irin wannan allo. Hoton 32 tuwif 480 ke nan.

Nau'in fayil kuma, PNG. JPG ba ya iya barin bayan hoto babu launi, sai ka ga kwandon shararka zaune cikin farin akwati a kan shuɗin maɓalli, kamar an liƙa masa takarda. BMP ma yawanci haka, ga nauyi. ICO yana aiki. Amma PNG shi ne mai sauƙin samu, mai sauƙin gyara, kuma launin maɓallin yana leƙowa ta bayansa yadda ake so.

To ina ake samu? Ni wurare kaɗan na riƙe. Idan ina son hotuna masu launi ɗaya, masu tsabta, irin na manhajojin waya, ina zuwa taskar Google ta Material Symbols, wadda ke cikin shafin Google Fonts. Kana rubuta sunan abin da Turanci, ka zaɓi girma da launi, ka sauke. Lasisinta Apache 2.0 ne, ma'ana kana iya sawa a aikin da za ka sayar. Bootstrap Icons da Fluent UI System Icons na Microsoft duk lasisin MIT ne, su ma kana iya sawa a aikin da za ka sayar. Font Awesome na kyauta yana ƙarƙashin CC BY 4.0, wato ka yi amfani amma ka ambaci mai shi, kuma a cikinsa ne na samu alamar naira a shirye. Idan kuwa ƙanana masu launi-launi nake so, na 16 sau 16, har gobe ban ga kamar tsofaffin taskoki biyu ba: Silk ta Mark James, hotuna 1000, da Fugue ta Yusuke Kamiyamane, sama da 3000. Ɗigo-ɗigo aka zana su don wannan girman, shi ya sa suke fitowa tas. Su ma sharaɗinsu a ambaci mai zane. Ni a fom ɗin "Game da wannan manhaja" nake rubuta layi ɗaya, shi ke nan na sauke nauyi.

Abin da ba na yi shi ne in buɗe binciken hotuna in kwaso duk abin da ido ya gani. Na farko, zanen wani ne, haƙƙinsa ne. Na biyu, ko da babu maganar haƙƙi, kwashe-kwashe yana ɓata fom. Firinta mai inuwa daga nan, kwandon shara na siririn layi daga can, kibiya mai ƙyalli daga wani wurin, sai fom ya koma kamar kayan gwanjo. Ka zaɓi gida ɗaya ka kwashi duka daga ciki. In gidan ba shi da abin da kake nema, ka zana shi ya yi kama da 'yan gidan.

A wajen zaɓe akwai tarko. Nemi hoton "ajiyar kuɗi" a kusan kowace taska, alade za a ba ka mai ɗan tsagi a gadon baya, don asusun Turawa ke nan. Ka ɗora wa Alhaji alade a fom ɗin adashinsa ka ga yadda za ku ƙare. Kuɗi kuma dala za a ba ka, ko fam. Sito a ba ka wani katafaren gini mai ƙofar ƙarfe da babu wanda zai gane shi a Singa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne jan giciye. Na sa shi a maɓallin gogewa, kusa da maɓallin fita. Yaron nan ya saba, a ko'ina cikin Windows, giciyen da ke saman kusurwa rufewa yake yi. Wata ranar Alhamis ya gama duba bashin wani ɗan sari, ya so ya rufe, ya danna giciye. Access ya yi masa tambayarsa da Turanci, ko ya tabbata zai goge, shi kuwa ya danna Yes kamar yadda ya saba danna duk abin da ya tare masa hanya. Sunan mutum da bashinsa suka tafi. Allah ya taimaka Baffa bai yar da littafinsa ba. Ya kira ni ya ce, "Kai, injin naka ya yafe wa mutum bashi ban sani ba." Laifina ne. Yanzu gogewa kwandon shara ne, ja, a can ƙarshen fom shi kaɗai, nesa da komai, kuma tambayar da yake yi da Hausa take, da sunan wanda za a goge a ciki. Fita kuma hoton ƙofa.

Yawancin taskokin nan SVG suke bayarwa, ni kuwa PNG nake ɗora wa maɓallin Access. Amma kada ka ƙi shi, don zane ne na layi da lissafi, kowane girma ka fitar da shi zai fito garau. Buɗe shi a Inkscape, manhaja ce ta kyauta, ka canja launi in kana so, ka buga Shift da Ctrl da E, ka rubuta 24 ko 32 a faɗi da tsawo, ka fitar da PNG. Wannan ya fi ka ɗauko PNG mai 512 ka matse shi ya dawo 16, don layukan sirara narkewa suke yi, hoton ya zama kamar an shafa masa man shanu. In ba makawa sai ka rage babban PNG, yi a Paint.NET ko GIMP, in kuma suna da yawa IrfanView yana rage folda guda a lokaci ɗaya. Guji tsohon Paint na Windows 7 da 10: yana ajiye PNG, amma zai cike maka bayan da fari.

Yanzu zane. Bari in faɗi yadda na yi buhun da ke maɓallin kayan sito, don a kansa na koyi yawancin abin da na sani. A Paint.NET na buɗe sabon fayil, faɗi 32 tsawo 32. Yana zuwa da farin baya, sai na buga Ctrl da A, na danna Delete, farin ya tafi aka bar ɗan zane mai kama da allon dara, alamar babu komai a wurin. Na ƙara girman kallo har kowane ɗigo ya zama ɗan akwati, na kunna Pixel Grid daga View. Na bar ɗigo biyu a kowane gefe, don hoto in ya taɓa baki sai ya yi kamar an yanke shi. Na ja murabba'i mai lanƙwasassun kusurwoyi, tsayinsa ya fi faɗinsa, na cike shi da ruwan madara, na zagaye shi da layi mai duhu kaurin ɗigo biyu. Na ajiye, na ɗora, na kira yaron ba tare da na gaya masa komai ba na ce, mene ne wannan? Ya ce, "Filo ne, Yaya."

Gaskiyarsa. Na fita ƙofar sito na tsaya ina kallon buhunan da aka jibge, ina tambayar kaina me ya raba buhu da matashin kai. Kunnuwa ne, waɗannan 'yan kusurwoyin sama da ɗan dako ke kamawa, sai ɗinkin baki, sai ratsin launi a ciki. Na koma na ƙara kunne biyu, kowanne ɗigo uku. Na ja layin ɗinki a sama, ɗigo biyu duhu, ɗigo ɗaya fili, har ƙarshe. Na ratsa koren layi a tsakiya, na ɗan faɗaɗa gindin. Da na sake nuna masa ko sakan biyu bai yi ba ya ce buhun shinkafa. A fili mai ɗigo 32 ba za ka iya zana abu duka ba, sai dai ka nemo alama biyu ko uku da ido ke gane shi da su. Launi uku ya isa. Rubutu a ciki ba ya karantuwa, kada ka gwada. Kuma ka riƙa komawa ainihin girmansa kana dubawa, don abin da ya yi kyau a faɗaɗe sau da yawa tabo ne kawai in ya dawo ƙarami. Wajen ajiyewa ka zaɓi PNG mai zurfin 32-bit, shi ne ke riƙe bayan nan marar launi.

Wanda hannunsa bai faɗa da irin wannan zanen ba, PowerPoint ma ta wadatar. Haɗa siffofi, ka tattara su da Group, ka danna dama ka zaɓi Save as Picture, PNG zai fito da baya marar launi, sai ka rage shi. Haka na yi maɓallin biyan kuɗi kafin in ga ta Font Awesome: koren da'ira, farar alamar naira mai kauri a tsakiya. Idan allon rubutunka ba shi da ita, rubuta 20A6 a Word ka buga Alt da X, ₦ za ta fito, ka kwafe ta.

Ɗorawa. Kafin ka zaɓi hoto, duba layin Picture Type. Embedded yana cusa hoton cikin fom ɗin, kowane maɓalli da nasa kwafin. Linked yana riƙe adireshin fayil ne kawai, ranar da ka ɗauki rumbun a filashi ka kai wata kwamfutar da ba ta da wannan foldar, hotuna sun ɓace. Shared, wanda ya zo tun Access 2010, shi nake so: hoton yana zaune sau ɗaya a wani ɓoyayyen teburi mai suna MSysResources, duk fom ɗin da ke buƙata ya ɗauka daga nan. In ka sabunta shi a wuri ɗaya, ko'ina ya canja. Da na sake wa kwandon shara launi, fom biyar suka gyaru lokaci guda. Bayan ka zaɓi Shared sai ka koma Picture, ɗigo uku, Browse, ka nuna fayil ɗin. In ba ka ga PNG ɗinka a foldar ba, canja nau'in fayil da ke ƙasan tagar.

Akwai kuma wani saiti da ke ɓoye. Shiga File, Options, Current Database, ka nemo Picture Property Storage Format. Tabbatar yana kan Preserve source image format. Ɗaya zaɓin yana mayar da kowane hoto danyen bitmap don tsofaffin Access na 2003 zuwa baya, kuma rumbun da aka gada daga wancan zamanin sau da yawa a kansa yake. Lissafa ka gani: hoton wayar nan nawa mai 4000 sau 3000, ɗigo miliyan 12 ne, kowanne bait uku, kusan megabait 36 a maɓalli ɗaya. Hoton 32 sau 32 kuwa kilobait uku ne zuwa huɗu. Fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, don haka wurin na lissafin kanti ne, ba na hotuna ba. In ka riga ka yi ɓarnar, cire hoton ka yi Compact and Repair, umarnin Access da ke matse fayil, in ba haka ba fayil ɗin zai ci gaba da zama a kumbure.

Sai layin da na fi ƙauna a Property Sheet gaba ɗaya: Picture Caption Arrangement. A da sai dai ka zaɓa, ko hoto ko rubutu. Tun Access 2007 ana haɗa su. Zaɓi Right, rubutu ya zauna a daman hoto, ko Bottom ya koma ƙasansa. Ni yanzu ba na barin hoto shi kaɗai sai kibiyoyin gaba da baya. Sauran duka da kalmarsu: Ajiye, Nema, Goge, Sabon ciniki, Buga rasit, Fita. In ka sa alamar & gaban harafi, misali &Ajiye, za a ja wa A layi, Alt da A ya danna maɓallin ba sai an taɓa linzami ba. Ka cike ControlTip Text ma, shi ne ɗan bayanin da ke fitowa in an tsayar da linzami a kai.

Mu masu Hausa akwai tamu matsalar a nan. Ƙ, ɗ da ɓ suna shiga Caption, wato layin rubutun maɓalli, lafiya lau in ka rubuta su ko ka liƙa su a Property Sheet. Amma tagar rubuta VBA ba ta san su ba, alamar tambaya take mayar da su. Mafita ChrW, umarnin VBA da ke fitar da harafi daga lambarsa: 409 shi ne ƙ, 408 babban Ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ. Don "Ƙara kaya" sai ka rubuta ChrW(408) & "ara kaya".

Da wannan ChrW ɗin wasu ke yin hoto ba tare da fayil ba. Windows 10 yana zuwa da nau'in rubutu mai suna Segoe MDL2 Assets wanda haruffansa duk alamomi ne: E74D kwandon shara, E749 firinta, E721 madubin nema, E710 alamar ƙari. Ka sa wa maɓalli wannan nau'in rubutun, ka ba shi ChrW(&HE749), firinta ta fito, kana canja mata launi da girma kamar kowane harafi, ba ta dishi-dishi. Dabara ce mai kyau, amma ban yi wa Baffa ita ba. Kwamfutar sitonsa Windows 7 ce, babu wannan rubutun a cikinta, akwatin banza kawai zai gani. Kuma tunda maɓalli nau'in rubutu ɗaya yake ɗauka, ba ka da damar sa kalmar Hausa a gefe.

Gwajin ƙarshe a kan kwamfutar kantin nake yi, ba tawa ba. Allona mai kyau ne, nasu ya sha ƙura, ga hasken rana yana shigowa ta ƙofa, launin toka mai haske da ya yi mini kyau a ɗaki can ɓacewa yake yi, dole na mayar da layukan baƙi-baƙi. Ina rufe rubutun da yatsa in tambayi yaron me kowane hoto yake nufi, wanda ya yi jim a kansa in canja shi. Na tara PNG ɗin duka da SVG ɗinsu a folda ɗaya kusa da rumbun, da sunayen Hausa, ajiye24, goge24, buhu32, don wata rana zan nema.

Fulofin dai na bar shi, don na nemi abin da zai maye gurbinsa na rasa, kuma shi zai tarar a Word da Excel. Na dai rubuta "Ajiye" a gefensa. Har yau in Baffa ya gama faɗar ciniki sai ya ce wa yaron, "To, danna talabijin."